Karnuka 5,000 a Bayan Shinge Ɗaya: Nazarin Yadda Aka Rufe Wata Gonar Kiwon Karnuka a Virginia

Wurin da irin sana'ar

A wata gunduma ta karkara a tsakiyar jihar Virginia ta Amurka, yamma da birnin Richmond, akwai wasu dogayen rumfuna da aka jera a bayan shinge, nesa da idon mai wucewa. Duk wanda ya taɓa shiga babbar gonar kaji masu ƙwai zai gane tsarin ginin: keji na bin keji, ƙasan kowanne da 'yan ramuka domin kashi da fitsari su zuba ƙasa, kwanon abinci a maƙale jikin ƙofa. Karnuka ake kiwo a wurin, kuma a tsakiyar shekarar 2021 yawansu ya kai kimanin 5,000.

Dukkansu irin da ake kira bigul ne. Asalinsa karen farautar zomo ne daga Ingila, gajere, mai faffaɗan kunnuwa da ke faɗowa, nauyinsa bai cika nisa da kilo 10 ba. Yana da sanyin hali, yana son mutane, ko an takura masa da wuya ya kai cizo. Wannan halin nasa ne ya sa ɗakunan gwaje-gwajen magunguna suka fi neman sa a kan sauran karnuka, kuma su ne masu sayen kayan wannan gona.

Lissafin sana'ar a fili yake. Karya na ɗaukar ciki kimanin kwana 63, ta haihu, ta shayar na 'yan makonni, a yaye, a jira lokacinta a sake haɗa ta da namiji. Kuɗin shiga ya dogara ga yawan 'yan kwikwiyon da suka fita ta ƙofa. Kuɗin fita kuwa albashin ma'aikata ne, da likita, da abinci, da gyaran gini. Mai gona da ya ga dama ya ƙara riba ba tare da ya ƙara farashi ba, wajen kuɗin fita zai duba. Amurkawa na kiran irin waɗannan wurare da sunan da ke nufin masana'antar 'yan kwikwiyo, domin ana fitar da su ne kamar kaya daga inji. Mafi yawansu na sayar wa shagunan dabbobin gida ne ko masu saye ta intanet. Wannan kuwa ɗakunan gwaji take sayar wa, amma doka ɗaya ce ke kansu, lasisi iri ɗaya, masu dubawa ma su ne dai.

Dokar ita ce Dokar Walwalar Dabbobi ta tarayya, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba wa hannu a 1966, bayan hayaniyar da ta biyo bayan sace wata karya mai suna Pepper a jihar Pennsylvania a 1965, wadda ta ƙare a teburin gwaji a New York. Ma'aikatar Noma ce ke aiwatar da ita. Abin da dokar ke nema ba shi da yawa. Misali girman keji: a auna tsawon kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci 6, wannan shi ne tsawo da faɗin filin da ya wajaba a ba shi. Sai abinci mai tsabta aƙalla sau ɗaya a rana, ruwan sha, kulawar likitan dabbobi, da isassun ma'aikata. Ga wanda ya saɓa, ma'aikatar na da ikon cin sa tara, da dakatar da lasisinsa nan take har tsawon kwana 21, da ƙwace dabbar da ta samu cikin wahala, da bin hanyar soke lasisin baki ɗaya. Akwai kuma sashen da ya ba da damar a garzaya kotun tarayya ta hannun Ma'aikatar Shari'a idan rayuwar dabbobi na cikin haɗari.

Gonar ta sauya hannu a 2019, sannan a watan Nuwamba 2021 wani kamfani da ke jihar Indiana ya saye kamfanin da ke riƙe da ita.

Yuli 2021: abin da masu dubawa suka tarar

A watan Yuli 2021 jami'an Ma'aikatar Noma suka shiga gonar. Mafi nauyin abin da suka gano, a cikin takardun gonar kanta suka karanta shi. Daga 1 ga Janairu zuwa 22 ga Yuli, 'yan kwikwiyo fiye da 300 sun mutu, kuma a gaban sunan kowanne an rubuta cewa ba a san musabbabi ba. Babu wani ƙarin mataki da aka ɗauka domin a gano abin da ke kashe su. A cikin wannan lokacin dai, karnuka 71 sun ji rauni saboda na kejin maƙwabta sun kamo kunnensu ko wutsiyarsu ta ramukan bango sun ja.

Sai batun uwaye masu shayarwa. Jami'an sun tarar an hana wasu daga cikinsu abinci na tsawon sa'o'i 42, da nufin nononsu ya ƙafe da wuri lokacin yaye. Yadda aka yi shi ne aka juya kwanon abincin da ke maƙale a ƙofar kejin ya fuskanci waje. Abincin na nan a ciki, karyar na ganin sa, tana jin ƙanshinsa, bakinta ba ya kaiwa, 'ya'yanta kuma na tsotsonta.

An kuma samu ɗaruruwan karnuka a ɗakunan da zafinsu ya haura digiri 29 na tsawon sa'o'i, alhali doka ta hana a wuce wannan iyaka fiye da sa'o'i 4 a jere. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ce ai digiri 29 ni'ima ce. Amma kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa, kuma a rufaffen ɗaki mai danshi da ɗaruruwan dabbobi ke numfashi a ciki, hakin ba ya wadatarwa. Akwai ƙwari a cikin abinci. Kashi ya taru a magudanan ƙarƙashin keji. Karnuka da dama na fama da ruɓewar haƙora, ciwon ido da raunukan ƙafa da ba a yi wa magani ba.

Matakin da aka ɗauka shi ne wanda aka saba. An rubuta rahoto, an jera laifuffukan, an ba da wa'adin gyara kowanne. Ba a ɗauke kare ko ɗaya ba, ba a ci tara ba, ba a taɓa lasisi ba. Gonar ta ci gaba da haɗa karnuka da sayarwa.

Oktoba 2021 zuwa Maris 2022: rahoto a kan rahoto

Jami'an sun koma a watan Oktoba, suka sake komawa a Nuwamba, sannan a Maris 2022. Kowace ziyara ta haifar da sabon rahoto, kuma da yawa daga cikin laifuffukan maimaici ne na waɗanda aka riga aka rubuta. Aka ƙara gano cewa ana kashe wasu karnukan ta hanyar soka musu allura kai tsaye a zuciya ba tare da an fara sa su barci ba, abin da ƙa'idar likitocin dabbobi ta hana saboda azabarsa. An kuma lura cewa karnuka masu ciwon da magani kaɗan zai warkar, kashe su ake yi maimakon jinya. Ma'aikata sun yi kaɗan ƙwarai ga yawan dabbobin, likitan dabbobi kuma guda ɗaya ne. Zuwa ƙarshen wannan zango, laifuffukan da aka rubuta wa gonar sun haura 70.

Har zuwa lokacin babu tara, babu dakatarwa, babu ƙwace. Abin da ke faruwa a cikin ma'aikatar a waɗannan watanni bai fito ba sai a 2023, lokacin da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa manyan jami'ai sun cire jagorar masu dubawar daga aikin, kuma an mayar da wani rahoto mai shafi 107 ya koma shafi 22.

Wannan jan ƙafa ba sabo ba ne. Tun a 2010 ofishin babban mai binciken ma'aikatar kanta ya fitar da rahoton da ya ce ba a hukunta masu kiwon karnukan da ke yawan saɓa doka yadda ya kamata, an fi karkata ga yi musu nasiha da fatan za su gyara. Daga baya har aka shigo da tsarin da ya bar mai dubawa ya ɗauki wasu ƙananan laifuffuka a matsayin darasi ga mai gona, ba tare da ya sa su a rahoto ba.

Hanyar kotu kuwa a buɗe take, har an gwada ta a daidai wannan lokaci. A ƙarshen 2021 Ma'aikatar Shari'a ta kai wani mai kiwo a jihar Iowa kotu, aka karɓe karnuka fiye da 500 daga hannunsa. Ke nan masu ruwa da tsaki sun san makamin yana aiki, watanni kafin a ɗaga shi a Virginia.

Nuwamba 2021 zuwa Afrilu 2022: matsin lamba daga waje

Tun kafin ziyarar Yuli, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta PETA ta sa wani nata ya kama aiki a gonar a ɓoye. Ya yi kimanin wata bakwai yana ɗaukar hoto da bidiyo. A watan Nuwamba 2021 ƙungiyar ta saki abin da ya tara. Galibin abin da hotunan suka nuna yana cikin rahotannin gwamnati tun da farko, amma rahoto mai shafuka da yawa a rumbun ma'aikata ba ya isa inda bidiyon minti biyu ke isa. Jaridu da gidajen talabijin na Virginia suka ɗauki labarin, mutane suka fara kiran wakilansu.

A majalisar dokokin jihar, sanatoci biyu daga jam'iyyu masu hamayya da juna, Bill Stanley na Republican da Jennifer Boysko ta Democrat, suka haɗa kai. Stanley ya ziyarci gonar, ya ɗauki karnuka biyu riƙo, ya kuma shawo kan kamfanin ya saki wasu ɗaruruwa da ba shi da masu saye domin a nema musu gidaje. Majalisar ta zartar da ƙudurori biyar, Gwamna Glenn Youngkin ya sa musu hannu ranar 4 ga Afrilu 2022. Sun toshe kafar da ta keɓe karnukan da ake kiwo don gwaji daga dokar hana zaluntar dabbobi ta jiha. Sun wajabta ajiye bayanai, da miƙa karnukan da ba a buƙata ga masu riƙo kafin a yi tunanin kashe su. Ɗaya daga ciki ya hana mai kiwon da aka kama da manyan laifuffuka sayar da karnuka, sai dai wannan ba zai fara aiki ba sai Yuli 2023.

Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 31 ga Maris, sanatocin Virginia biyu a majalisar tarayya, Mark Warner da Tim Kaine, sun rubuta wa Ma'aikatar Noma suna neman a dakatar da lasisin gonar nan take. Ba a dakatar ba.

Ke nan zuwa tsakiyar Mayu 2022 an samu rahotanni huɗu, bidiyo, dokokin jiha biyar da wasiƙar sanatoci, karnuka fiye da 4,000 kuma na nan cikin kejinsu.

Mayu 2022: kwana biyar

Ranar 18 ga Mayu 2022 jami'an tarayya suka iso gonar da takardar izinin bincike daga kotu. Tare da su akwai likitocin dabbobi da ma'aikatan ƙungiyar kula da dabbobi ta Humane Society ta Amurka. Wannan karon ba su tsaya ga duba takardu da zagaya rumfuna ba, karnukan aka riƙa dubawa, duk wanda likita ya ce yana cikin matsananciyar wahala sai a ɗauke shi a take. A kwanakin farko an ɗauke 145. Kafin a kammala binciken, wanda ya ɗauki kwana biyar, adadin ya kusa 450.

Washegarin fara binciken, 19 ga Mayu, Ma'aikatar Shari'a ta shigar da ƙara a kotun tarayya ta yammacin Virginia. Takardun ƙarar sun tattaro abin da masu dubawa suka rubuta tun Yuli, har da mutuwar 'yan kwikwiyo 25 saboda sanyi a cikin mako takwas, da abinci mai tsutsotsi da fumfuna da kashi. Ranar 21 ga Mayu Mai Shari'a Norman Moon ya ba da umarnin wucin gadi: a daina haɗa karnuka, a daina sayarwa, har sai gonar ta cika sharuɗɗan da ya jera game da abinci, ruwa, sarari da kulawar likita.

Daga ranar da aka shiga da takardar kotu zuwa ranar da aka tsayar da ciniki, kwana uku ne.

Yuni zuwa Yuli 2022: cinikin rufewa

Ranar 13 ga Yuni kamfanin da ya mallaki gonar ya sanar cewa zai rufe ta. Dalilin da ya bayar na kuɗi ne: abin da gonar ke kawowa bai kai kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa ba, kuma jarin da gyaran ke buƙata da lokacin da zai ci ba su cancanci a ci gaba ba.

Sai gardama ta koma kan karnukan da suka rage. Kamfanin ya so ya sayar da su ga ɗakunan gwaji domin cika yarjejeniyoyin da ya ƙulla. Lauyoyin gwamnati suka ce wanda ke saɓa doka bai kamata ya ci ribar abin da ya saɓa dokar a kansa ba. Alƙalin ya bar kamfanin ya cika wasu tsofaffin yarjejeniyoyi, waɗanda suka shafi karnuka 'yan ɗaruruwa, ya hana sauran. Waɗancan ɗaruruwan sun tafi ɗakunan gwaji, ba sa cikin lissafin waɗanda aka ceto.

Ranar 5 ga Yuli kotu ta amince da tsarin kwashewa. Ƙungiyar Humane Society za ta karɓi karnuka kimanin 4,000 cikin kwana 60. Kamfanin zai biya dala 100 kan kowane kare, da dala 150 kan kowace uwa mai shayarwa tare da 'ya'yanta, domin rage wa matsugunan dabbobi nauyi. Ranar 15 ga Yuli aka sa hannu kan sulhun da ya haramta wa kamfanin har abada yin duk wata harka mai buƙatar lasisin wannan doka a wurin.

Yuli zuwa Satumba 2022: kwashewa

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi gani a talabijin, kuma shi ne ya fi wahalar tsarawa. Babu matsugunin dabbobi guda a Amurka da zai iya ɗaukar karnuka 4,000, kuma a wannan shekarar matsugunan da yawa sun riga sun cika. Abin da aka yi shi ne rarrabawa. Ranar 21 ga Yuli aka fitar da rukunin farko, sama da 400. Daga nan aka riƙa fitar da ɗaruruwa a kowane zuwa, cikin motoci masu sanyaya iska, wasu zuwa wata cibiyar ƙungiyar a jihar Maryland, wasu kai tsaye zuwa hannun ƙungiyoyi da matsugunai fiye da 120 a jihohi 29. Ranar 1 ga Satumba aka fitar da 312 na ƙarshe. Jimillar waɗanda aka kwashe a wannan zango 3,776 ne.

Fitowa daga keji farkon aiki ne kawai. Kowane kare na da lamba da aka zana masa da tawada a cikin kunne, ita ce sunansa tun haihuwa. Sai an yi masa rigakafi, an yi masa tiyatar hana haihuwa, da yawa an cire musu ruɓaɓɓun haƙora. Manyan cikinsu, musamman uwayen da suka shekara biyar ko bakwai suna haihuwa, ba su taɓa taka ciyawa ba. Ba su san matakala ba, ba su san igiyar wuya ba, ƙarar rufe ƙofa na sa su maƙale a lungu. Kare da ya saba yin kashi inda yake kwana sai an koya masa fita waje kamar ɗan kwikwiyo, ko da ya tsufa. Masu riƙon wucin gadi, galibi 'yan sa kai, su suka ɗauki wannan aiki na makonni da watanni a gidajensu. 'Yan kwikwiyon sun fi saurin sabawa, kuma su aka fi rububi.

Neman masu riƙo bai zama matsala ba, domin labarin ya riga ya game ƙasar. Yarima Harry na Birtaniya da matarsa Meghan sun ɗauki wata uwa mai shekara 7, gwamnan jihar New Jersey na lokacin, Phil Murphy, shi ma ya ɗauki ɗaya.

2024: hukunci

Binciken laifi ya ci gaba bayan rufe gonar. Ranar 3 ga Yuni 2024 rassan kamfanin biyu suka amsa laifi a kotun tarayya. Ɗaya ya amsa haɗa baki wajen saɓa Dokar Walwalar Dabbobi tun daga 2020, ta hanyar ƙin samar da isasshiyar kulawar likita, isassun ma'aikata da wurin zama mai aminci. Ɗayan ya amsa haɗa baki wajen saɓa dokar tsabtar ruwa, saboda injin tace ƙazantar gonar ba ya aiki yadda ya kamata, ruwan dattin na kwarara cikin wani rafi da ke kusa.

Jimillar kuɗin da aka ɗora wa kamfanin ta haura dala miliyan 35. Miliyan 22 tara ce, rabi kan dabbobi rabi kan ruwa, kuma miliyan 11 ɗin dabbobin ita ce tara mafi girma da aka taɓa ci a ƙarƙashin dokar ta 1966. Miliyan 7 zai kashe wajen gyara sauran wurarensa, miliyan 3.5 kan farfaɗo da muhallin gundumar, sauran kuma biyan waɗanda suka taimaka wajen bincike da kwashewa. An sa masa mai sa ido daga waje. Yarjejeniyar kamfanoni ta shafa, ba ta ɗaure mutum ko ɗaya ba. A watan Oktoba 2024 kotu ta tabbatar da hukuncin.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

Dubawa ba ta gaza ba. Jami'an da suka shiga gonar a Yuli 2021 sun ga abin da ke wurin, sun rubuta shi dalla-dalla, kuma a kan rubutunsu aka gina ƙarar da ta rufe gonar. Gazawar tana mataki na gaba. Rahoton da babu hukunci a bayansa ba ya shiga lissafin mai sana'a, domin bai rage masa ko sisi ba. Kamfanin ya karɓi rahoto huɗu cikin wata takwas yana ci gaba da ciniki, kuma kowane rahoto da ya wuce lafiya ya ƙara tabbatar masa cewa na gaba ma haka zai wuce. A ganina laifin ma'aikatar a nan bai yi ƙasa da na kamfanin sosai ba, domin tana riƙe da ikon dakatarwa na kwana 21 da ba ya buƙatar izinin kowa, ta ƙi amfani da shi. Cire jagorar masu dubawa a tsakiyar aikin kuwa, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Bidiyon PETA da dokokin jiha ba su fitar da karnukan ba, amma ba zan kira su banza ba. Su suka mayar da lamarin abin da ɗan siyasa ba zai iya kau da kai daga gare shi ba, su kuma suka tara dubban mutanen da daga baya suka buɗe ƙofofin gidajensu. Rauninsu lokaci ne. Dokar da za ta fara cizo a Yuli 2023 ba ta da amfani ga ɗan kwikwiyon da ke kwance a kejin sanyi a 2022.

Abin da ya yi aiki shi ne tsayar da ciniki. Muddin karnuka na fita kuɗi na shiga, gyara zaɓi ne. Da alƙali ya rufe ƙofar sayarwa, sai kowane kare ya koma baki mai ci ba mai kawowa ba, kuma cikin mako uku da 'yan kwanaki kamfanin ya ce ya haƙura. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa sa'a ta taimaka. Gonar ƙaramin yanki ce na babban kamfani, sakin ta bai yi masa ciwo ba. Mai kiwon da gonarsa ita ce abincinsa zai ja shari'a iya ƙarfinsa, ko ya mayar da lasisi sunan matarsa ko ɗan'uwansa ya ci gaba, dabarar da aka sha kokawa da ita a wannan sana'a. Sai kuma wurin kai karnukan. Babu jami'in da zai yi saurin ƙwace dabbobi 4,000 idan bai san inda zai ajiye su ba, kuma da babu ƙungiyar da ta ce ta ɗauki nauyin, da hujjar kamfanin ta a bar shi ya sayar ta fi ƙarfi a gaban alƙali.

Na san wani mai karatu zai ce duk wannan a kan kare. A wurinmu kare na gadi ne da farauta da bin garke, ba ya hawa gado, da yawanmu ma ba ma son ya taɓa tufafinmu. Amma tsarki daban, haƙƙi daban. Mun taso da hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, da na matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema da kanta ba, ta shiga wuta. Karen da ke yawo a unguwa na iya neman inuwa da kansa. Wanda aka sa a keji ba shi da komai sai abin da mai kejin ya miƙo masa, don haka duk yunwarsa da ƙishirwarsa na wuyan mai kejin. Ba a ma kai ga muhawarar halaccin gwaji a kan karnuka ba. Dokar da aka saɓa a Virginia ba ta hana gwajin ba, abinci mai tsabta da ruwa da magani ta nema.

Hukuncin dala miliyan 35 ya zo shekara biyu bayan komai ya ƙare, kuma amfaninsa ga waɗanda suka mutu tsakanin Yuli 2021 da Mayu 2022 ihu ne bayan hari. Wata goma ne tsakanin ranar da gwamnati ta sani da ranar da ta motsa. Ɗakunan gwajin da ke saye daga wannan gona sun koma wajen wasu masu kiwon, waɗanda ma'aikata ɗaya ke ba lasisi kuma take dubawa. A watan Maris 2024 Ma'aikatar Noma da Ma'aikatar Shari'a sun sa hannu kan yarjejeniyar musayar bayanai game da masu yawan saɓa wannan doka, domin irin waɗannan rahotanni su riƙa isa teburin lauyoyin gwamnati da wuri. Miƙa fayil ɗin dai har yanzu daga ofishin da ya riƙe na Virginia wata goma zai fito.